Indararon Abbas: Haƙƙin Mai Gida Idan Aikin Jama'a Ko Ginin Maƙwabci Ya Iso Katangarsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk mazaunin Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai ya ga yadda garuruwan nan suka sake fuska cikin shekarun baya-bayan nan. Bikin 18 ga Disamba mai zagayawa ya sauka Maraɗi a 2015, ya je Tawa a 2017, ya je Damagaram a 2018, kuma duk inda ya sauka ya bar sabbin hanyoyi da magudanan ruwa da fitilu. Wuraren da dā gonakin gero ne yau unguwanni ne, ana ja musu wayar wuta da bututun famfo. Wannan ni'ima ce, kuma abin godiya ne ga Allah. Sai dai kowane turken wuta a ƙofar wani aka kafa shi, kowane rami kuma a gindin katangar wani aka haƙa shi. Akwai tsohon da aka ɗaga hanya ta fi daɓen zaurensa tsawo, ruwan da dā yake wucewa ya koma kwana a tsakar gidansa. Akwai matar da mijinta ya rasu, maƙwabci ya ɗora bene, tagarsa na kallon inda take wanka da ƴaƴanta mata. Akwai wanda ya tashi da safe ya tarar da jan fenti a jikin shagonsa, ba wanda ya zo ya yi masa sallama.

Idan abin ya faɗa kan muridi, maganar da ya fi ji ita ce ya yi haƙuri, duniya ce, ba a san ɗan ɗariƙa da rigimar fili ba. Shi ma sai ya ji kunyar buɗe baki, yana ganin neman haƙƙi rauni ne a tawakkalinsa. Wanda ya yi ɓarnar kuwa, wani lokaci sahu ɗaya suke tsayawa, da'ira ɗaya suke zama bayan La'asar ɗin Juma'a, kuma bai taɓa jin cewa akwai abin da ya hau kansa ba. Dukansu biyu suna bukatar su koma su ji abin da ya faru tsakanin Sayyiduna Umar ɗan Khaɗɗabi da Sayyiduna Abbas ɗan Abdulmuɗɗalib, Allah ya ƙara musu yarda.

A shekara ta 17 bayan hijira masallacin Annabi (S.A.W) ya yi wa mutane kaɗan. Umar ya sayi gidajen da ke kewaye domin ya faɗaɗa shi, ya rage gidan Abbas, baffan Manzon Allah. Ibn Sa'ad ya kawo labarin a cikin Ɗabaƙat. Umar ya ba shi zaɓi uku: ko ya sayar a biya shi daga baitulmali abin da ya yanka, ko a ba shi fili inda ya so a Madina a gina masa, ko ya bayar sadaka ga Musulmi. Abbas ya ƙi duka ukun. Suka yarda Ubayyu ɗan Ka'abu ya raba su. Ubayyu ya ba su labarin da ya ji daga Annabi (S.A.W) game da Annabi Dawuda (A.S): an umarce shi ya gina Baitul Maƙdis, awon ya ci filin wani mutum, mutumin ya ƙi sayarwa, Dawuda ya ƙudurta karɓa, sai Allah ya yi masa wahayi yana zarginsa da nufin shigar da ƙwace cikin ɗakin da za a ambaci sunansa. Umar bai karɓi maganar haka kawai ba, sai da ya ja Ubayyu zuwa masallaci aka samu sahabban da suka shaida sun ji ta, cikinsu har da Abu Zarri. Daga nan ya ce wa Abbas ya tafi, ba zai taɓa gidansa ba. A wannan lokacin ne Abbas ya ce ya bayar da gidan sadaka, tun da yanzu ba a ja da shi.

A lura da lokacin da kyautar ta zo. Abbas bai fi son tubali da azara a kan masallacin ɗan ɗan'uwansa ba. Abin da ya ƙi shi ne a karɓa da sunan dole sannan a kira shi sadaka. Sai da haƙƙin ya dawo hannunsa cikakke, shugaban Musulmi ya sallama, sannan ya buɗe hannun. Mutum ba ya kyautar abin da aka riga aka fizge masa, kuma wanda ya fizge ba shi ne zai yi wa'azin yafiya ba.

Gidan nan dai shi ne mai indararon da Imam Ahmad ya ruwaito labarinsa. Wata Juma'a Umar ya sa tufafinsa ya nufi masallaci, ruwa gauraye da jinin ƴan tsaki biyu da aka yanka wa Abbas ya zubo masa daga indararon. Ya sa aka cire shi, ya koma ya sake tufafi, ya zo ya ba da salla. Abbas ya same shi ya rantse masa cewa Manzon Allah (S.A.W) ne da kansa ya sa indararon a wurin. Umar ya yi masa rantsuwa sai ya hau bayansa ya mayar da shi inda yake, kuma haka aka yi. Sarkin Musulmi ya duƙa, talakansa ya taka bayansa ya gyara abin da hukuma ta cire cikin gaggawa. Wanda ya taɓa zuwa ofis sau bakwai yana neman a zo a cike ramin da aka bari a ƙofarsa ya san nisan da ke tsakanin wannan hali da abin da aka saba gani.

Kada a fahimci cewa mai gida zai iya tsayar da maslahar gari har abada. A cikin wannan shekara dai Umar ya faɗaɗa masallacin Makka, kuma Azraƙi ya ambata a tarihin Makka cewa wasu sun ƙi sayar da gidajensu, aka rushe, aka ajiye musu kuɗinsu har suka zo suka karɓa. Malaman Malikiyya sun tafi a kan haka. Shaihu Khalil, wanda ya rasu a 776 bayan hijira, ya ambata a babin waƙafi na Mukhtasar cewa ko gidan waƙafi ana iya sayar da shi, ko da tilas, domin faɗaɗa masallaci, masu sharhi kuma suka haɗa da hanyar jama'a da maƙabarta. Amma sayarwa suka ce. Sayarwa kuwa tana da kuɗi, kuɗin kuma ƙimar abin ne a kasuwa, ba abin da mai biya ya ga dama ba. Tun filin masallacin Madina na farko aka kafa wannan: na marayu biyu ne, Sahlu da Suhailu, sun so su bayar kyauta, Annabi (S.A.W) ya ƙi karɓa sai da ya saya, kamar yadda Bukhari ya kawo. Aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar juna da ɓarna, ta halatta ciniki bisa yarda, kuma ba ta cire mai mulki daga ciki ba.

Dokar ƙasar Nijar ma ba ta yi nisa da wannan ba. Doka mai lamba 61-37 ta 24 ga Nuwamba 1961, wadda aka gyara da mai lamba 2008-37 ta 10 ga Yuli 2008, ita ce ta tsara yadda hukuma ke karɓar fili ko gini domin amfanin jama'a, da yadda take shiga filin mutum na ɗan lokaci saboda aiki. A ƙarƙashinta sai an bayyana a hukumance cewa aikin na amfanin jama'a ne, a yi bincike a san masu haƙƙi, a nemi daidaitawa da su, in ba a daidaita ba alƙali ya yanka, kuma diyyar ta zama ta adalci, ta riga karɓar filin. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 kuma ta ba mallakar gado ta gargajiya kariya daidai da mallakar takarda. Talakawa da yawa ba su san wannan ba. Suna jin an ce aikin gwamnati ne sai jikinsu ya mutu. Ɗalibin da ya karanta shari'a a jami'a, ya zauna da tsofaffin unguwarsu ya fassara musu wannan da Hausa, ya yi hidimar da ba ta gaza ɗaukar buta da shimfiɗa tabarmi a zawiya ba.

Sau da yawa kuwa ba karɓe fili ake yi ba, ratsawa ake yi: bututu ya bi ta gefen gida, waya ta wuce ta saman gona, magudana ta ratsa ta bayan katanga. Wannan ma yana da asali a Muwaɗɗa ta Imam Malik, a babin hukunci kan abubuwan amfanin maƙwabtaka. Dahhaku ɗan Khalifa ya jawo ruwa daga wani wuri da ake kira Uraidu, ya so ya ratsa da shi ta ƙasar Muhammadu ɗan Maslama. Muhammadu ya ƙi. Dahhaku ya nuna masa cewa shi ma zai sha daga farkon ruwan da ƙarshensa, kuma ba abin da zai cutar da shi. Ya dai ƙi. Da maganar ta je gaban Umar, ya lallashe shi, ya ƙi, sai Umar ya rantse cewa ruwan zai wuce ko da ta kan cikinsa ne. Irin wannan ne ya faru da Samura ɗan Jundubu a hadisin Abu Dawuda: dabinonsa na cikin garkar wani Ba'ansare, shigarsa na damun iyalin mutumin, Annabi (S.A.W) ya nemi ya sayar ko ya yi musaya ko ya bayar domin lada, ya ƙi duka, sai ya kira shi mai cutarwa, ya ce a tumɓuke dabinon. Saboda haka mai gidan da ya hana bututun ruwa wucewa zuwa gidaje ashirin na bayansa, ba don zai taɓa masa komai ba sai don a san shi ma wani ne, ko don ya tsuga kuɗin da ya san ba za a iya biya ba, kada ya fake da Abbas. Wurinsa yana gefen Samura.

Amma akwai wata magana ta Imam Malik a nan wadda ta fi dacewa da wannan zamani. Duk da shi ya ruwaito hukuncin Umar, almajiransa sun naƙalto cewa bai ga a tilasta wa mai ƙasa da shi ba a lokacinsa. Dalilin da Ashhabu ya kawo daga gare shi shi ne mutane sun lalace: ana tsoron zamani ya yi tsawo, a manta yadda aka yi ruwan ya bi ta nan, sai mai ruwan ya wayi gari yana da'awar ƙasar kanta. Imam Malik ya rasu a 179 bayan hijira. Idan a Madina ta wancan lokaci ya ji wannan tsoro, me za a ce da yau? Darasin a fili yake. Wanda aka roƙa ya bari a ratsa ta filinsa, ya bari, yana da lada, amma a rubuta. A rubuta faɗin wurin da tsawonsa, a rubuta cewa izinin wucewa ne ba sayarwa ba, a rubuta wanda zai gyara in bututun ya fashe ya jiƙa gini, mai unguwa da shaidu biyu su sa hannu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma sahabbai aka fara yi wa magana da ita. Rubutu ba zargi ba ne. Masu yardar za su mutu, ƴaƴansu da ba su ga komai ba su ne za su tsaya a kan iyakar.

Sai batun maƙwabci da maƙwabci, wanda ya fi yawa kuma ya fi ɗaci, domin ɗan kwangila yana gama aiki ya tafi, maƙwabci kuwa yana nan har a ɗauki ɗayansu. Kalmar da ta fi yawo a bakin mai gini ita ce: a filina nake, da kuɗina. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta, ta riga ta amsa wannan a babin hukunce-hukunce da shaida. Bayan ta kawo hadisin da ya hana cuta da cutarwa, ta ba da misali uku: buɗe taga kusa wadda za a riƙa hango maƙwabci ta cikinta, buɗe ƙofa daura da ƙofarsa, da haƙa abin da zai cutar da shi ko da a cikin mallakar mai haƙar ne. Wannan na ƙarshe shi ne masai da ake haƙawa jikin katangar wani ko kusa da rijiyarsa, shi ne kuma ramin harsashin bene da ake zurfafawa a gindin ginin laka ana dab da damina.

Game da taga, Mudawwana ta kawo ma'aunin da Umar ya rubuta: a sa gado a bayan tagar, mutum ya hau ya tsaya, in yana ganin cikin gidan maƙwabci a toshe ta, in ba ya gani a bar ta. Ma'auni ne da kowane magini zai iya gwadawa kafin a yi yaɓe, kuma ɗaga taga zuwa sama layin bulo biyu ko uku ya fi sauƙi a ranar gini fiye da bayan shekara biyar ana gaba. Khalil ya ƙara da hayaƙi, da wari irin na majema, da barga jikin katanga, da shago daura da ƙofar wani, da reshen itacen da ke cin katanga. Har mai hawa dabinonsa na kansa an ce ya yi gyaran murya ya sanar kafin ya hau, domin na ƙasa su kimtsa. Yau dabinon shi ne rufin bene da ake hawa gyaran tankin ruwa ko faifan hasken rana, a bar yaran aiki suna kallon tsakar gidajen mutane yini guda.

Adalci ne a faɗi ɗaya gefen. A mashhurin mazhaba ba a hana mutum ɗaga gininsa don kawai ya tare wa maƙwabci rana ko iska, sai in masussuka ce da ba ta aiki sai da iska. Hassada kuma ba cuta ba ce da alƙali ke saurare. Mutum ya ga bene ya tashi kusa da ɗakinsa na laka, zuciyarsa ta yi zafi, wannan ciwo ne da zikiri ke magani, ba kotu ba. Haka nan hadisin Abu Huraira da ya hana mutum ya hana maƙwabcinsa kafa azara a katangarsa, Risala ta ɗauke shi a matsayin abin so, ba abin da alƙali zai tilasta ba. Nan ne fiƙihu ke tsayawa, tarbiyya ta ci gaba. Imam Gazali a Ihya ya lissafa cikin haƙƙin maƙwabci kada a ƙuntata masa wajen azara, ko mazubar indararo, ko wurin zubar da shara, ya kuma kawo labarin wani da ɓeraye suka dama, aka ce ya samo kyanwa, ya ƙi, don kada su gudu su shiga gidajen maƙwabta ya zama ya so musu abin da ba ya so wa kansa. Muridin da ya tsaya a kan iyakar abin da alƙali zai iya tilasta masa kawai, bai fara tafiya ba tukuna.

Magabata ba su bar wannan babi ga zato ba. A Tunis an yi wani magini, Ibnur Rami, a ƙarni na takwas bayan hijira, alƙalai na aika shi ya duba gine-ginen da ake jayayya a kai, ya tara abin da ya gani a littafinsa Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan. A ciki ya bayyana yadda ake gwada ko dutsen niƙa na girgiza katangar maƙwabci: a rataye takarda da zare huɗu jikin ginin, a zuba mata busassun ƙwayoyin kusbara, a ce wa mai niƙa ya tayar da aikinsa. In ƙwayoyin sun motsa, cuta ta tabbata. Mai injin niƙa da mai babban janareto su ɗauki wannan su auna kansu. Abin da ake koya daga Ibnur Rami shi ne a kira masanin gini ya duba, maimakon kowa ya rantse a kan abin da bai sani ba.

Ruwa kuwa shi ne babbar jarrabawar maƙwabtaka a ƙasar nan. Daminar 2024 ta rushe gidaje masu yawa a Maraɗi da kewaye, a Damagaram ma tsohon masallacin Juma'a na Birni, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya faɗi. Ruwan sama hukuncin Allah ne, ba mai ja. Amma hanyar da ruwa ke bi bayan ya sauka, sau da yawa hannun mutum ne ya zana ta. Wani ya kawo tifa uku ta ƙasa ya cike ƙofarsa, ruwan ya karkata gidan da ba shi da kuɗin tifa. Wani ya gina dakali a kan magudana. Wani ya juya indararonsa yana zuba a gindin katangar laka ta maƙwabci. Ranar da katangar ta faɗi a kan yaro, kowa ya ce ƙaddara, har da mai tifar, kuma shi ne zai fi kowa ɗaga murya wajen addu'a. Ƙaddara ce, amma ƙaddara ba ta taɓa ɗauke lamuni daga wanda ya yi sababi ba. In da tana ɗaukewa, da ba a shar'anta diyya a kisan kuskure ba.

Akwai kuma maƙwabcin da ba shi da bakin kai ƙara, shi ne hanya. Annabi (S.A.W) ya hukunta cewa in an yi saɓani a kan faɗin hanya a bar ta kamu bakwai. Khalil ya ce ginin da ya shiga hanyar jama'a a rushe shi ko da bai cutar da kowa ba. Wannan ya hau kan mai shago da rumfarsa, ya hau kan mai kuɗi da matakalarsa, ya kuma hau kan masallaci da zawiya. Nan wurin yana da nauyin faɗa, amma labarin Annabi Dawuda bai bar mafaka ba. Kwamitin da ya matsa katangar zawiya taƙi biyu cikin lungu, ko ya sa wa gwauruwar da ke maƙwabtaka matsin lamba ta sayar da arha don wai ta samu albarka, ya shigar da abin da ba a shigarwa cikin ɗakin Allah. Hadisin Sa'idu ɗan Zaidu ya yi gargaɗi cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai, kuma Muslim ya ruwaito daga Sayyiduna Aliyu la'ana a kan mai sauya alamar iyaka. Ba a ce ban da wanda ya yi da kyakkyawar niyya ba.

Cikin ƴan uwa akwai masu awon filaye, akwai direbobin katafila, akwai ma'aikatan wuta da na ruwa da na ofishin magajin gari, akwai ɗaliban da gobe su ne injiniyoyi. Aya ta 27 ta Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama, kuma rigar aiki ba ta shafe ayar ba. Ma'aikacin da ya sanar da mutanen gida kwana biyu kafin a fara haƙa, ya sa katako a kan ramin don tsohuwa ta samu fita, ya dawo ya cike shi ya daddaɓe, ya rubuta tsagewar katanga a rahotonsa yadda take, wannan yana cikin ibada tun safe har yamma. Wanda kuma aka ba jerin masu karɓar diyya ya cire sunan marar gata ya sa na ɗan'uwansa, ko ya rage awon gidan wani don ba a ba shi goro ba, to ya tuna da hadisin matsiyacin gaskiya da Muslim ya ruwaito: mutum ya zo da salla da azumi da zakka, a yi ta ɗiba ana biyan waɗanda ya zalunta har ladan ya ƙare, a koma ɗora masa zunubansu. Wuridi da wazifa ma lada ne, kuma daga lada ake biya. Risala ta faɗa a fili cewa mayar da kayan zalunci yana cikin tuba. Istigfari ɗari da safe da ɗari da yamma ba ya mayar da taƙin ƙasa inda yake, sai an ɗauki diga.

To ina haƙurin da aka san mutanen Allah da shi? Yana nan, kuma daraja ce babba. Ana ba da labarin Sahlu ɗan Abdullahi Tustari cewa yana da maƙwabci Bamajuse a samansa, masan mutumin na ɗiga cikin ɗakinsa. Sahlu ya riƙa tara abin a kasko yana zubarwa da dare shekara da shekaru, bai faɗa ba, sai da ajali ya matso ya kira shi ya nuna masa, yana tsoron magadansa ba za su iya ɗaukar abin da ya ɗauka ba. Mutumin ya musulunta a wurin. Masu wa'azi sukan tsaya a kan shirun shekarun, su wuce ƙarshen labarin da sauri. Sahlu ya yi haƙuri da abin da yake nasa, da ya ga nauyin zai koma kan wasu sai ya yi magana.

Fiƙihu ma ya ba wannan muhimmanci. Ibn Asim a Tuhfa ya ambata cewa wanda aka ƙirƙiro masa cuta yana nan yana gani, ya yi shiru shekara goma ba tare da wani hani ba, ba a sauraron ƙararsa bayan haka. Ke nan shirun uba na iya zama asarar ƴaƴa. Gidan da magada bakwai ke da rabo a ciki, babban wa ba shi da ikon yafe tsagewar katangarsa shi kaɗai don a ce masa mutumin kirki. Wasiyyin marayu ba shi da ikon karɓar rabin diyya don kunyar mai unguwa. Mijin da taga ke kallon matarsa ba haƙƙinsa kaɗai ake ci ba. A irin waɗannan wurare shiru sakaci ne da amana, ko da an sa masa sunan zuhudu.

Hanyar magana kuwa sunna ta nuna ta. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wani ya kawo ƙarar maƙwabcinsa, Annabi (S.A.W) ya umarce shi da haƙuri sau biyu ko uku, daga baya ya ce ya fitar da kayansa ya zuba a hanya. Masu wucewa suka riƙa tambaya, suna jin dalili suna tsine wa maƙwabcin, har ya zo da kansa ya roƙe shi ya koma gida. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ma ta ba wanda aka zalunta izinin bayyana abin da aka yi masa. Saboda haka a fara da zuwa a keɓe, da sallama, tun ana harsashi, kafin a zuba kankare. In bai ji ba a tafi da dattijo ko limami ko muƙaddami. In bai ji ba a je wurin mai unguwa, sannan ofishin magajin gari, sannan alƙali. A ɗauki hoton katanga da waya kafin a fara aiki da bayan an gama, a adana takardar fili inda ruwa da gara ba za su kai ba, a faɗi ɓarnar gwargwadonta ba ƙari, domin wanda ya ƙara bulo goma a lissafin diyya ya koma sahun wanda yake ƙara. Kuma duk tsawon shari'ar kada a yanke gaisuwa, kada a hana yara shiga gidajen juna, in an yi rasuwa a gidan abokin shari'a a riga kowa zuwa. In alƙali ya yanke, haƙƙin ya dawo hannu, kuma na mutum ne shi kaɗai ba na marayu ba, a nan ne ƙofar da Abbas ya shiga take buɗewa ga wanda Allah ya ba iko.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare gidajen Musulmi da na maƙwabtansu. Wa sallallahu ala Sayyidina Muhammadin wa alihi wa sahbihi wa sallam.